Labarin Rut da Uwar Mijinta: Darasin da Ake Koya wa Yara a Makarantar Lahadi

Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke cikin ɗakunan aurenku, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a wannan fili namu na mata. Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke kan keken ɗinki, da wadda ta zaunar da 'yarta tana yi mata tsifa, duk ina gaishe ku da aiki. A ɗan matso da rediyo kusa, domin zancen namu na yau yana son natsuwa.

Da yawa daga cikinmu muna zaune da maƙwabta Kiristoci, wasu katanga ce kawai ta raba mu, wasu ma gidan haya ɗaya muke. 'Ya'yanmu da nasu tare suke wasa, tare suke zuwa boko. Ke da kike cikin gida, kina dai ganin maƙwabciyarki ta shirya yaranta ran Lahadi da safe sun fita, sai wajen azahar su dawo. Tambayar da masu sauraro suka sha aiko mana ita ce: shin me ake koya wa yaran nan a can? Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma galibin zargin da ke shiga tsakanin maƙwabta daga rashin sani yake farawa. Saboda haka yau na ɗauko muku darasi ɗaya daga cikin waɗanda ake koyarwa a makarantar Lahadi, wato labarin wata mata mai suna Rut da uwar mijinta Na'omi. Za mu ji labarin, mu ji yadda malaman Yahudawa da na Kirista suka fassara shi, sannan mu duba abin da ya shafe mu a ciki.

Kafin mu shiga, bari in share fage. Sunan Rut bai zo a cikin Alƙur'ani mai girma ba. Labarinta yana cikin litattafan Bani Isra'ila ne. Malamanmu irin su Ibn Kasir sun kasa labaran Bani Isra'ila gida uku: akwai wanda Alƙur'ani da hadisi suka gaskata, akwai wanda suka ƙaryata, akwai kuma wanda suka yi shiru a kansa, wanda ba ma gaskatawa ba ma ƙaryatawa, amma ba laifi a ba da shi. Don haka abin da zan kawo muku bayani ne na abin da masu littafin suka rubuta da yadda suka fahimce shi. Hukunci da fatawa kuwa na malamai ne. Abin da ya sa labarin ya kusance mu shi ne, a cewar littafin, Rut ita ce kakar mahaifin Annabi Dawuda, alaihissalam.

Shi wannan littafi ɗan ƙarami ne ƙwarai, babi 4 ne kacal, ayoyi 85, kafin tukunyar shinkafa ta nuna an karance shi. Da harshen Ibrananci aka rubuta shi, yana cikin tarin litattafan da Yahudawa ke riƙe da su, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari. Tsohon littafi ne, domin a cikin tsofaffin takardun da aka fara ganowa a shekarar 1947 a kogunan dutse da ke gefen Tekun Gishiri, waɗanda suka haura shekara 2,000, an sami guntaye na kwafi huɗu na littafin Rut.

To, ga yadda labarin yake. An yi yunwa a garin Baitalami, wanda ke kimanin kilomita 10 kudu da birnin Ƙudus. Abin mamaki, ma'anar sunan garin da Ibrananci ita ce gidan abinci, sai ga shi gidan abinci babu abinci. Wani magidanci mai suna Elimelek ya kwashi matarsa Na'omi da 'ya'yansa maza biyu, Malon da Kiliyon, suka yi gudun yunwa zuwa ƙasar Mowab, gabas da Tekun Gishiri, a cikin ƙasar Jodan ta yau. Mowabawa dangin Bani Isra'ila ne ta wajen asali, harshensu ma kusan ɗaya ne, kamar yadda wani dutse mai rubutun sarkinsu Mesha ya nuna, wanda aka gano a 1868, yake kuma ajiye a birnin Paris na Faransa. Amma addininsu daban, kuma akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu.

A can baƙunta maigida ya rasu. 'Ya'yan suka auri 'yan ƙasar, ɗaya Orfa, ɗaya Rut, suka zama facaloli ke nan. Bayan kimanin shekara goma su ma 'ya'yan suka rasu, ba wanda ya bar baya. Aka bar mata uku, babu miji, babu ɗa, babu gona a hannu. Duk wadda ta taɓa zaman takaba, ko ta zauna da mai yi, ta san nauyin wannan hali ba sai an faɗa mata ba.

Da Na'omi ta ji labarin abinci ya samu a garinsu, sai ta ɗaura niyyar komawa. A kan hanya ta dubi surukanta biyu ta ce su koma ɗakunan iyayensu mata, ko Allah Ya ba su wasu mazan, tunda ita ta tsufa, ba ta da sauran ɗan da za ta ba su. Aka yi koke-koke. Orfa ta bi maganar uwar mijinta ta koma gida. Rut kuwa ta ƙi, ta yi rantsuwa cewa mutuwa ce kaɗai za ta raba su, ta zaɓi ƙasar tsohuwar da danginta da addininta. Suka iso Baitalami a farkon girbin sha'ir. Matan gari suka fito suna tambayar juna, anya wannan Na'omi ce? Ita kuwa ta ce su daina kiranta da wannan suna mai ma'anar daɗi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci, domin ta fita da hannu cike ta dawo hannu wofi. Ku lura da wannan magana, iyayena. Tana cewa ba ta dawo da komai ba, alhali ga yarinya tsaye a gefenta wadda ta bar uwa da uba saboda ita. Baƙin ciki yakan rufe wa mutum ido har ya kasa ganin alherin da ke kusa da shi.

Da yake ciki ba ya jira, Rut ta nemi izini ta tafi kala. Waɗanda suka tashi a karkara sun san kala, wato bin bayan masu girbi ana tsintar abin da ya zuba, kamar yadda ake kalar gyaɗa ko ta wake. A shari'ar Bani Isra'ila kala haƙƙi ne. Dokar da ke cikin Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a ta hana mai gona ya girbe har gefen gonarsa, ta hana shi komawa ya tsince abin da ya faɗi, ko ya ɗauko damin da ya manta. Wannan rabon matalauci ne da baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu. Sai ƙafarta ta kai ta gonar wani attajiri mai suna Bo'aza, dangin mijin Na'omi. Da ya tambaya aka gaya masa ko wace ce, sai ya ce ta tsaya a gonarsa tare da 'yan matan gidansa, ya gargaɗi samarin da ke masa aiki kada wanda ya taɓa ta, ya ce ta sha ruwa a tulunansu, ya ba ta abinci ta ci har ta rage wa tsohuwa. A ɓoye kuma ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan don ta tsinta. A ranar ta koma gida da sha'ir awo ɗaya da suke kira efa, wanda masana ke ƙiyasta ya kai lita 22, wato ya ɗan ɗara cikin jarkar ruwa.

Da girbi ya ƙare, Na'omi ta ce lokaci ya yi da za ta nema wa surukarta ɗaki. Ta sa ta yi wanka, ta shafa mai, ta sa tufafinta, ta tafi masussuka da dare inda Bo'aza ke kwana wajen tsabar hatsinsa, ta kwanta wajen ƙafafunsa. Da ya farka tsakar dare ya tambayi ko wace ce, sai ta faɗi sunanta, ta roƙe shi ya lulluɓe ta da gefen rigarsa, wanda a al'adarsu neman aure ke nan, tunda shi dangi ne mai haƙƙin fansa. Bo'aza ya yaba mata, amma ya ce akwai wani da ya fi shi kusanci, sai an fara jin ta bakinsa. Da gari ya waye ya tafi ƙofar gari, inda ake yanke shari'a, ya tara dattawa goma. Wancan dangin ya amince zai sayi gonar mamacin, amma da ya ji cewa auren Rut na cikin cinikin, kuma ɗan da za a haifa shi zai gaji gonar da sunan mamaci, sai ya janye don kada gadonsa ya taɓu. Ya cire takalminsa ya miƙa, alamar ya sallama. Bo'aza ya auri Rut, ta haifi ɗa namiji. Matan unguwa suka taru suna yi wa Na'omi barka, suna cewa surukar nan tata ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, su ne ma suka raɗa wa yaron suna Obida. Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. A litattafan tarihi na malaman Musulunci, irin su na Ɗabari da Ibn Kasir, za ku ga an ce Dawuda ɗan Isha ɗan Uwaidu, sunayen ke nan a bakin Larabawa.

To, wannan shi ne labarin. Yanzu sai fassara, domin a nan ne aikin malamai yake. Zan kawo muku ƙulli uku da suka yi ta kwancewa.

Ƙulli na farko shi ne asalin Rut. A cikin Maimaitawar Shari'a, babi na 23, akwai doka da ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma. To, yaya aka yi Bamowabiya ta zama kakar babban sarkinsu, tsara uku kawai a tsakani? Kuma marubucin bai ɓoye ba, sai maimaita wa mai karatu yake yi cewa ita Bamowabiya ce. Malaman Yahudawa na da, a cikin littafinsu na fiƙihu da ake kira Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, sun warware da cewa dokar maza ta shafa, ban da mata. Suka kuma ɗauki Rut a matsayin abin koyi ga duk wanda ya shigo addininsu da zuciya ɗaya. Masana na zamani da yawa kuwa ta wata hanya suka bi. Suka ce a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Yahudawa sun dawo daga bauta a Babila, shugabanninsu Ezra da Nehemiya sun tsananta a kan auren bare, har aka sa maza suka saki matansu baƙi. A ganin waɗannan masana, a wannan zamani aka rubuta littafin Rut don a tuna wa jama'a cewa sarkin da suke alfahari da shi jinin baƙuwa ne. Wasu masanan ba su yarda ba, suna ganin littafin ya girmi wannan zamani, kuma a al'adar Yahudawa ana jingina rubuta shi ga Annabi Sama'ila, wanda ya naɗa Ɗalutu sarki. Ko ma wanne ne, kun ga yadda fassarar aya ɗaya ke iya rufe wa baiwar Allah ƙofa ko ta buɗe mata.

Ƙulli na biyu shi ne: ina Allah yake a cikin labarin? A nan babu annabin da aka aiko, babu mala'ika, babu teku da ta tsage. Masu nazari sun lura cewa sau biyu kawai mai ba da labarin ya ce Allah Ya aikata wani abu kai tsaye: a farko da Ya ba mutanenSa abinci, da ƙarshe da Ya ba Rut ciki. Abinci da haihuwa, abubuwa biyu da ba mai iya ba kansa. Duk abin da ke tsakani kuwa ta hannun mutane ya bi. Akwai wata kalmar Ibrananci, hesed, da ta zo sau uku a littafin. Tana nufin alheri mai haɗe da amana, irin wanda mutum ke yi ya wuce abin da aka wajabta masa. Wani malamin Yahudawa na da, Rabbi Zeira, ya ce littafin nan babu hukuncin halal da haram a cikinsa, babu na tsarki da najasa, an rubuta shi ne don a nuna girman ladan masu alheri.

A nan akwai wani abu da na fi so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Ranar da Bo'aza ya fara ganin Rut a gona, ya yi mata addu'a cewa Allah, wanda ta zo neman mafaka ƙarƙashin fikafikanSa, Ya saka mata. To, a harshen Ibrananci kalmar fiffike da kalmar gefen riga ɗaya ce, kanaf. Saboda haka daren da Rut ta ce ya lulluɓe ta da gefen rigarsa, kalmarsa ta mayar masa. Kamar tana cewa: Malam, addu'ar nan da ka yi mini, ai a jikin rigarka take, kai za ka cika ta. Wanda ya karanta fassara kawai zai wuce wurin bai lura ba, shi ya sa ɗaliban tauhidin Kirista ke wahalar koyon Ibrananci a makarantunsu, kamar yadda ɗalibin tafsiri ba ya rabuwa da Larabci. A kan abin da ya faru a masussuka kuwa, masu fassara sun yi ta muhawara, domin kalmomin wurin suna ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Malaman Yahudawa na da sun tsaya a kan cewa Bo'aza ya kame kansa, har suka jera shi da Annabi Yusufu wajen kamun kai. Shi kuwa dangin nan da ya so gona ya ƙi matar mamaci, littafin bai ambaci sunansa ba, sai aka kira shi da abin da ya yi daidai da wane a Hausa. Rashi, shahararren mai tafsirin Yahudawa da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya ce an ɓoye sunan ne saboda ya ƙi yin fansa. Ya ji tsoron kada gadonsa ya lalace, sai ga shi sunansa ne ya ɓace.

Ƙulli na uku shi ne inda Yahudawa da Kiristoci suka rabu. Yahudawa sun sa littafin a kashi na uku na litattafansu, suna karanta shi a Idin Makonni, mako bakwai bayan Idin Ƙetarewa, lokacin girbi, ranar da suke tunawa da saukar Attaura. Kiristoci kuwa sun bi jerin tsohuwar fassarar Girkanci da aka fara a birnin Iskandariya ta Masar a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa shi cikin litattafan tarihi, bayan Littafin Mahukunta. Kuma suna karanta shi da idon Sabon Alkawari. A farkon littafin Matiyu an jera asalin Annabi Isa, alaihissalam, aka ambaci mata biyar, Rut na cikinsu. Daga nan malaman coci suka ce Bo'aza mai fansa hoto ne na Almasihu, wanda a aƙidarsu shi ne mai fansar mutane, Rut baƙuwa kuma hoto ce ta al'ummomin da ba Yahudawa ba da suka shigo addinin. Bayahude bai yarda da wannan fassara ba. Mu Musulmi ma aƙidarmu a kan Annabi Isa daban take, mun riƙe shi bawan Allah ne kuma manzonSa, kuma kowa ɗaukar nauyin aikinsa zai yi. Faɗin wannan bambanci a fili ba ya ɓata zaman tare. Abin da ke ɓata shi shi ne ɗora wa mutum abin da bai ce ba.

Yanzu mu leƙa ajin yaran. Ita makarantar Lahadi ta yi ƙarfi ne a Ingila daga shekarar 1780, lokacin da wani mai gidan jarida, Robert Raikes, ya tara yaran talakawa da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, ana koya musu karatu da addini a ranar hutunsu. Daga baya ta zama ajin addini zalla. A ƙasar Hausa kuwa, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi ƙoƙari a kansa tare da abokan aikinsa. Saboda haka a coci-coci da yawa na Arewa da harshen nan namu ake karanta labarin Rut, a ajin yara da kuma taron Zumuntar Mata. Akan raba yara gwargwadon shekaru. Ƙanana a ba su labarin da hotuna, su haddace aya ɗaya, wani lokaci su yi ɗan wasan kwaikwayo, wata ta fito a tsohuwa da sanda, wata da kwando tana kala. Darasinsu shi ne biyayya ga manya, da riƙon amana, da tausayin baƙo. Matasa a yi musu zancen kamun kai da neman aure ta ƙofar gida. Manya kuma su shiga zancen fansa da asalin Almasihu. Galibi akan bi matakai uku: me nassin ya ce, me yake nufi ga mutanen zamaninsa, me yake nema daga gare ni yau.

Sai dai fassara wuƙa ce, tana yanka nama, tana kuma yanka hannu. A wasu sassan Afirka akwai al'adar gadon mata, inda dangin miji ke tilasta wa matar mamaci auren ƙanensa ko wansa, in ta ƙi a kore ta a ƙwace dukiya. An sami masu kafa hujja da labarin Rut a kan haka. Mata masana tauhidi na Afirka, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a birnin Accra a 1989 ƙarƙashin jagorancin Mercy Amba Oduyoye 'yar Ghana, sun yi rubuce-rubuce a kan irin wannan karatu. Abin da ke cikin littafin a fili yake: ba wanda ya tilasta wa Rut, uwar mijinta ma cewa ta yi ta koma gida, ita ta zaɓi zama, ita ta nemi auren, kuma a gaban shaidu aka ɗaura. Wata daga cikinsu, Musa Dube 'yar Botswana, ta tsaya wa Orfa, wadda masu wa'azi suka saba kushewa. Ai littafin bai zarge ta da komai ba. Maganar babba ta bi, ta koma wajen mahaifiyarta. Mu ma a Musulunci, Suratun Nisa'i ta hana a gaji mata a kan tilas, kuma idan mace ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ko ta haife abin da ke cikinta, ita ke da ta cewa a kan aurenta, ga kuma rabonta na gado da Allah Ya yanka mata, rubu'i ko sumuni.

To, iyayen gida, me za mu ɗauka mu sa a aljihu? Na farko gare ku ne, iyayenmu masu surukai. Yarinyar nan da aka kawo gidanku daga wani gari, ko wata ƙabila, wadda har yau ake kira bare, ba ku san ta hannun wa Allah zai rufa muku asiri ba. Na'omi da bakinta ta kira surukarta 'yata, kuma ita ta tashi nema mata ɗaki bayan rasuwar ɗanta. Mu nawa ne za mu iya haka? Ku kuma ƙannena matan 'ya'ya, uwar miji ba kishiya ba ce. Kwanon abincin da kika rage mata, da ruwan alwalar da kika ɗumama mata da asuba, ba su faɗi ƙasa banza ba, alheri danƙo ne.

Na biyu shi ne zancen gefen riga. Idan aka yi rasuwa mukan cika gida, mu ce Allah Ya ji ƙansa, Allah Ya ba da haƙuri, Allah Ya raya abin da ya bari. Addu'a ce mai kyau. Amma bayan sadakar bakwai, bayan ta arba'in, tabarmi sun naɗe, wa ke komawa ya leƙa? Ta hannun wa Allah zai raya marayun? Kada ki ce kina cikin kulle ba ki da abin yi. Ke ce mai auna hatsin gidan nan. Mudu ɗaya da za ki ba yaro ya kai da magariba, ba tare da unguwa ta ji ba, shi ne zangarniyar da aka yar da gangan. In kina ba da aikau, surfe ko ɗinkin hula ko ƙullin ƙuli-ƙuli, ki fara tuna ta, domin sana'a ta fi sadaka kare mutunci. In kuna adashi, a ba ta ɗaukar farko. In kin ji ana shirin cinye gonar marayu a cikin dangin mijinki, ki yi wa maigida magana cikin hikima a lokacin da kika san yana saurarenki, don maganar ɗaki takan kai inda ta zaure ba ta kai ba. In kuma wani mutumin kirki ya fito neman bazawarar, kada ya zama daga bakinmu mata ne za a fara cewa mai farar ƙafa ce.

Na uku, maƙwabtaka. Gobe idan maƙwabciyarki Kirista ta shigo ɗibar wuta ko sayen ƙosai, kina da abin da za ku tattauna wanda ba gardama ba. Ki ce kin ji labarin Rut da Na'omi, ki tambaye ta yadda suke koya wa yaransu, ke ma ki ba ta labarin yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wasiyya da maraya da matar mamaci da maƙwabci. Kowa na kan addininsa, amma yunwar gwauruwa iri ɗaya ce a kowane gida, kuma yaran da suka ga iyayensu mata suna mutunta juna da wuya a ba su dutse su jefi gidan maƙwabci.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, ko ta ba yaro ya kawo, za mu karanta, abin da ya shafi hukunci kuma mu miƙa wa malamai. Allah Ya ji ƙan mazajen da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya marayu, Ya sa mu cikin waɗanda za a raya su ta hannunsu. Allah Ya zaunar da gidajenmu da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.